Ƙofar Tagulla

Kwana uku da binne Baba Obadiah, ana ta kwashe kujerun roba daga tsakar gida, Derrick ya shige ɗakin baya ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Shekara shida rabonsa da Kafanchan. Ya tarar an lulluɓe ta da wani zane mai tsabta, bai ma tsaya tunanin wa ya lulluɓe ta ba.

Ya gaji da masu ta'aziyya. Kowa labari ɗaya: tsohon ma'aikacin reluwe, dattijon ikilisiya, mutumin da tafiyar minti biyar zuwa sujada take cin masa minti arba'in saboda tsaye-tsayen gaisuwa a hanya. Shi Derrick abin da yake tunawa daban ne, uban da ya taɓa fizge wayar kwamfutar nan ya kulle a akwati, ya ce aikin banza ne.

Aikin banzan kuwa wani tsohon wasan jarumai ne mai suna Hasumiyar Gishiri. A bayan ƙauyen farko, a kan tudu, akwai Ƙofar Tagulla, da wani tsohon mai gadi da ba ya cewa komai sai, "Ban san ka ba." Kamfanin da ya yi wasan ya rushe tuntuni, masanan intanet suka yanke cewa ba a ƙarasa aikin ƙofar ba, bango ne kawai aka yi wa fenti.

Derrick bai taɓa yarda ba. Shekara goma sha bakwai yana fama. Ya kai wa tsohon zinariya, ya kai masa kan dodo, ya sare shi da takobi, ya kwafe rubutun jikin kaburbura har ya cika littafi biyu. A dandalin masu wasan ana ce masa Farfesa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Duk duniya ba abin da yake so kamar ya ga bayan ƙofar nan kafin kowa.

Wannan karon ya zo da sabuwar dabara daga Abuja, wadda sai a bugun farko na wasan za ta yiwu, bugun farkon kuwa a wannan kwamfuta kaɗai yake da shi. Sai dai wasan gurbin ajiya biyu gare shi, wato inda ɗan wasa ke adana tafiyarsa. Na ɗaya nasa ne, ba zai yi gwaji da shi ba. Na biyun da ya bari fayau, sai ya tarar wani ya shige.

Nan take ya san ko waye. Abednego mana, mijin ƙanwarsa Hulda, malamin firamare a Manchok, mai zuwa duba Baba duk Asabar. Mutum ne da ko akuya ta taka shi, shi zai ce mata sannu.

Ya buɗe littafin tafiyar ɗan wasan, dariya ta kusa kayar da shi. Awa ɗari huɗu da goma, amma jarumin yana mataki na ɗaya, da takobin katakon da ake ba kowa a farko. Ya karɓi aiki goma sha tara bai gama ko ɗaya ba, don duk sai an kashe wani abu, shi kuwa ko ɓera bai taɓa duka ba. To me ya yi da awa ɗari huɗu? Gaisuwa! Kowace safiya sai ya gaida maƙeri, ya gaida mai burodi, ya gaida matar bakin rijiya, ya hau tudu ya gaida mai gadi, ya sauko. Sau ɗari uku da wani abu. Ga shi nan ma an bar shi a gindin tudun, ƙerere kamar mai jiran mota.

Derrick ya ɗauki hoton shafin ya tura dandali, ya rubuta: "Ku zo ku ga sarkin wawaye." Kafin minti goma mutum talatin sun yi dariya.

Ya danna gogewa a kan gurbi na biyun. Wasan ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbata. Wasan ya sake tambaya, Derrick ya yi tsaki ya sake dannawa.

Awa biyu ya yi yana shirya dabarar Abuja, ya hau tudu da kayan tsafi niƙi-niƙi. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ban san ka ba."

Ya fito da haushi yana neman wanda zai sauke wa. Abednego na naɗe tanti, Hulda na zuba wa baƙi gwate.

"Suruki, na ga jaruntakar ka," in ji Derrick. "Awa ɗari huɗu kana ina-kwana da takobin katako. Na share maka kunya, na goge shi kaf."

Abednego ya saki igiyar tantin. "Ni? Ni kunnawa kawai na koya masa."

Hulda ta ajiye ludayi, ta dubi wanta kamar ba ta taɓa ganin sa ba.

"Broda, Baba ne. Bayan addu'ar safe kullum yana zama a gaban kwamfutarka, wai yana so ya san abin da ya ɗauke masa yaro. Shi ya sa a Disamba ya kira ka sau uku, ba ka ɗauka ba. Ya ce tsohon mai gadin nan ya san shi yanzu, ya buɗe masa ƙofa, amma ya sauko bai leƙa ba, wai ƙofar ka ce, sai ka zo gida ku shiga tare."