Ɗigon Baƙin Mai a Ƙofar Mashaya

Robar da ke tare baƙin mai a injin tsohuwar a-kori-kurata ta mutu. Duk inda na tsaya sai motar ta bar baƙin tambari a ƙasa.

Ga shi likita ya hana ni giyar shinkafa, matata Bok-rye kuwa gwanar bin sawu ce.

"Baban Yeong-ja, ba gona ka ce za ka ba? To, motarka ta yi fitsari a ƙofar mashaya."

Na garzaya garejin Man-deok bakanike. Ya sauke giyabos, ya sa sabuwar roba. Kwana biyu ɗigo ya dawo. Sau uku muna haka, ɗigon bai daina ba.

"Yaya, tsufa ne," in ji shi. "Kai ma ai ka fara yoyo."

A zuwa na huɗu na bar masa motar, na manta hulata, na dawo ɗauka. Na tarar da shi kwance a ƙarƙashinta yana sassauta noti, Bok-rye tsaye a kansa da bokitin kimchi, wato kabejin da ta jiƙa da yaji.

"Ƙara sassautawa kaɗan, ƙanena," take cewa. "Yadda zan hango ɗigon daga nesa."

Roba uku na biya. Kabejin cin hancin ma ni na noma shi.