Sukurun Ƙarshe a Allon Baba

Sukudireba ta sake zamewa, ta kwashe wa Auta fatar babban yatsa. Ya tsotse jinin, ya yi tsaki, ya dubi agogon bango. Baba da Inna sun tafi asibiti wajen gashin ƙashi tun da hantsi, kuma kafin azahar za su dawo. Ko ta halin ƙaƙa, sai sukurun nan ya fita kafin su shigo.

Shi ya haɗa allon da hannunsa, bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitar gashi ta ce yatsu suna son aiki, shi kuwa ya samo katako mai kauri, ya huda ramuka a jere, ya binne noti a kowane rami, ya ɗaura sukurori daga manya zuwa ƙanana. A gaban Inna aka yi alkawari: ranar da Baba ya kwance su duka da hannun dama, ranar zai karɓi mabuɗin shagonsa na kafinta daga hannun Auta.

Baba kuwa ba a yi masa irin wannan alkawari a kwanta barci. Mutum ne da a zamanin ƙarfinsa, idan sukuru ya yi sako-sako, sai ya zare sili ɗaya na jar waya, ya naɗa a zaren jikin sukurun layi bisa layi, ya lanƙwashe wutsiyar, ya ɗaure. In ya ɗaure, to sai dai a fasa katakon. Auta bai taɓa koyon naɗin ba. Aikin 'yan da ne, in ji shi, tunda Allah ya kawo gam.

Wasa-wasa Baba ya kwance manyan, ya kwance matsakaitan, ya fara cin ƙananan. Nan hankalin Auta ya tashi. Ya gaya wa kansa injin zarto yake jiye wa tsohon, kuma gaskiya ne, injin ba ya tausayin yatsa. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tunda ya girma, sai yanzu ne mai kawo aiki zai leƙo shago ya ce ina maigidan, kuma shi ake nufi. Har teburin aiki ya juya yadda ya daɗe yana so. Wata safiya Baba yana banɗaki, Auta ya ɗiga gam ɗin ƙarfe a notin ƙarshe, ya mayar da sukuru, ya matse.

Tun daga ranar, kullum zai fita ya tarar da Baba a baranda, allo a cinya, yana fama har gumi na ɗiga. Kan sukurun ya cinye, gicciyen ya koma rami. A 'yan makonnin nan ma ya rage faman. Ya fi son jin labarin shago: wa ya kawo aiki, wane katako aka saya, yaya aka yi da kujerun makarantar nan. Auta yana ba da labari, tsohon yana murmushi yana gyaɗa kai.

Jiya ne abin ya kai Auta bango. Inna ta ce ko a sauya sukurun nan, tunda kansa ya lalace. Baba ya ture allon gefe, ya rungume hannun damansa a ƙirji.

"A bar shi haka nan. Alkawari aka yi, na kuma kasa. Auta, riƙe mabuɗinka, shagon ya yi kyau da kai."

Wallahi da marinsa Baba ya yi da ya fi masa sauƙi. Abincin da bai ci ba ke nan. Ya ji kunyar kansa, ya ji ya tsani hannunsa, ya kwana da niyyar cire sukurun ya sa sabo, ko da gobe za a mayar da shi yaron shago.

Sai dai sukuru ya ce bai san zancen ba. Auta ya shimfiɗa guntun roba a kansa don sukudireba ta kama, ta yaga robar. Ya zuba man inji, ya jira, ya bubbuga da guduma. Ya kama da filaya, ta suɓuce.

Can ya tuna zafi yana kashe gam. Ƙarfen sodar shago, na narkar da dalma, ya ɓace masa kwanaki, har ya zagi masu aro, sai ga shi ya gan shi a ƙarƙashin gadon Baba. Aikin Inna ne, ba ta ganin abu a ƙasa ta bar shi. Ya kifa allon, ya ga baƙin tabo kewaye da notin ta baya, bai tsaya bi ta kansa ba. Ya gasa notin har katakon ya fara hayaƙi. Ko warin gam bai ji ba, sukurun kuma ko gezau.

Saura dabara ɗaya. Ya ɗauko zarton ƙarfe ya tsaga kan sukurun a hankali, ya sa sukudireba mai faffaɗan baki a tsagar, ya danna da ƙirjinsa. Wata ƙara ta fito kamar kukan tsohuwar ƙofa. Sukurun ya motsa. Da ƙyar yake juyawa, amma yana juyawa.

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Ya ji muryar Inna tana cewa a bi a hankali, ya ji sandar Baba tana taka siminti. Ya yi murɗar ƙarshe, sukurun ya faɗo a tafinsa da ɗumi. Ya ɗaga shi wajen haske don ya kankare shaidar laifinsa kafin a shigo.

Babu gam ko ɗigo. Silin jar waya ne, sabo fil, naɗe a zaren sukurun layi bisa layi, an lanƙwashe wutsiyarsa tsaf, naɗin da ba ya yiwuwa sai da lafiyayyun yatsu goma, kuma mutum ɗaya ne a gidan ya iya shi.