Tsibirin Baba a Cikin Daro

Ina ƙarama Baba ya dawo garinmu Balan daga yaƙin Bama. Wata la'asar ya ɗauko ɗan dutsen niƙan Inna ya sa a tsakiyar daro, ya zuba ruwa ya kewaye shi, sannan ya ɗora tururuwa a kai.

"Kin ga Silon ke nan, inda jirginmu ya tsaya. Ƙasa ce guda, har da gonakin shayi da masallatai, amma duk inda ka dosa teku ne."

Tururuwar ta kai bakin ruwan ta dawo, ta sake kaiwa ta dawo. Sai na fashe da kuka.

"Baba, in abin tsoro ya zo wa mutanen can, ina za su gudu?"

Ya yi dariya. "Ke 'yar tudu! Ai ba sa gudu, Uwata. Su ma suna tsoron ruwan. Da tsoron nasu suke shiga su kamo kifi."

Shekaranjiya kwalekwale ya kife da mu a kogi, a hanyar makarantar da aka tura ni koyarwa. Inna ta ce in haƙura da aikin. Ni kuwa na shanya littattafaina sun bushe, gobe da safe zan sake shiga.