Mai Tsiren Tashar Jirgi

Kai da kake taƙama ba a taɓa kuka da aikinka ba, zauna ka ji. Akwai wata tashar jirgin ƙasa a wani ƙauye, wadda aka gina tun zamanin cinikin gyaɗa. Yau ciyawa ta binne layin dogon, an kwashe kwanon rufin, awaki ne ke shan inuwa a ɗakin sayar da tikiti. Amma lokacin da take tashe, ba wanda ya kai wani mai tsire suna a wurin. Jirgi ba ya daɗewa a tsaye, don haka gogan naka sai ya jiyo kukansa daga nesa sannan ya kafa tsinke a tukuba. Da nama ya ɗan ji ɗumi sai ya turbuɗe shi da ƙuli da yaji, ya naɗe a takarda, ya miƙa ta taga. Kafin fasinja ya kwance ƙunshi, jirgi ya ja. Duk zagin da za a yi masa, a dajin gaba ake zubar da shi. Mutanen gari kuwa ba ya sayar musu, wai tsirensa na matafiya ne, ya fi ƙarfinsu. A kwana a tashi, har shi kansa ya yarda gwani ne.

Da jirgi ya daina zuwa, tasha ta mutu, tukunyar gidansa ma ta nemi bin ta. Ana nan aka yi wa dagaci haihuwa, ya ce a kira shahararren nan ya yi tsire da ragon suna, yau dai talaka ya ɗanɗana abin da matafiya ke ci. Mutumin ya yi murna ƙwarai, don in ya burge, garin nan kaf ya zama kasuwarsa. Ya yi yadda hannunsa ya saba, aka raba. Liman ya kai baki, ya ja, nama ya ja, sai da haƙori guda ya bi tsinke. Ranar mai tsire ya fara ganin fuskar mai cin tsirensa, ga shi kowa na zaune daram, ba mai shirin tafiya ko'ina. Dagaci ya gaji da tauna, ya dube shi ya ce, "Malam, wannan ragon an gama da shi kuwa, ko mu mayar da shi turke?" Tun daga ranar, ko ganda ba a sake ba shi ya babbake ba. Dama Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.