Gorar Ruwan Kaka

Ina da shekara tara, a 2012, muna zaune a Hayyin Ashir cikin Alƙahira, Kaka ya kama ni na saki famfo ina alwalar la'asar, ruwa na ta zuba. Kaka mahaifin babana ne, Bahaushen Sudan. Ya haura casa'in, amma yana jin ɗigon ruwa daga ɗakinsa.

Ya ce, "Khalas, ya isa haka, amarya, rufe shi ki zo."

Ya jawo wata gorar ƙarfe ta soja daga ƙarƙashin gado, duk ta lotsa, tana warin tsatsa, ya ɗora min a tafin hannu.

"Lokacin da tankokin Jamus suka taso ta hamada za su ci Masar, muna cikin waɗanda suka tare su. Cikin wannan gorar shi ne rabon mutum na yini guda."

Na ce, "To Kaka, da me kuke alwala?"

"Da ƙasa. Mu shida muka yi alkawari, kowa ya yi taimama, ruwan alwala na wanda aka harba ne." Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya: Isa, Barau, Ɗanjuma, Hamidu, Tanko. "Ni aka harba. Kwana uku ina shan ruwansu, leɓunansu na tsagewa. Cikin su biyar ɗin, biyu kaɗai suka koma gida."

Har yau da kofi ɗaya nake alwala. In na idar da salla kuma sai na ambaci mutum biyar ɗin nan a addu'a. Ban taɓa ganinsu ba, amma ƙishirwarsu ce ta kawo ni duniya.