Gonar Ƙarshen Ruwa

Buhunan yashi Alhaji Maliki ya sa aka jefa a tsakiyar kanal, da rana tsaka, kowa na kallo. Ruwan da ya taso daga madatsa ya zo ya ci karo da su, ya juya ya shige gonarsa ta shinkafa.

Ƙungiyar manoman rani ta raba kwanaki, wasu na masu gonakin bakin madatsa, wasu na masu ƙarshen ruwa. Ta kuma ce kada kowa ya shuka shinkafa bana, don madatsar ba ta cika ba. Maliki ya shuka. A ganinsa doka ta wanda ba shi da mota ce, kuma shugaban ƙungiyar a falon Maliki na Daura yake cin tuwon Juma'a. To, wa zai tanka?

Can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a gajiye ko a shekara mai kyau, akwai wata 'yar gonar albasa. Mai kula da ita Mahdi ne, dattijo ɗan ci-rani da ya ƙetaro iyaka ta Kongolam bana. Bai san kowa a nan ba. Ko sunan Maliki bai sani ba, "mai jar mota" yake ce masa.

Da ganyen albasar ya fara kwanciya, Mahdi ya tako ya durƙusa a gefen motar Maliki.

"Ranka ya daɗe, yau ranarmu ce. Gonar ba tawa ba ce, ta wata tsohuwa ce. Haya ta kama, duk abin da ta mallaka yana cikin ƙasar nan. Sunanta..."

"Na tambaye ka sunanta?" in ji Maliki. "Ba ta da ɗa ne? Wane irin ɗan banza ne zai bar uwarsa tana noman rani da furfura?"

'Yan koren da ke zagaye da shi suka kwashe da dariya. Aikinsu ke nan, da shi suke cin abinci.

Zancen uwa kuwa Maliki ya iya shi. A fuskar wayarsa akwai hotonsa durƙushe a gaban Innarsa ranar Sallah, babbar rigarsa ta cika tsakar gidan ƙauyensu da ke bayan Sandamu. Duk wanda ya yaba wa shinkafarsa sai ya nuna masa hoton, ya ce shi albarkar uwa ke binsa. Ba ya faɗin cewa daga Sallah sai Sallah yake zuwa, kuma ko injin mota ba a kashewa. A zuwansa na ƙarshe ya lura turken awaki babu ko ɗaya. Ya ji daɗi, don warinsu kan kama masa shadda.

A makon nan Innar ta yi ta kiransa. Sai ya kalli wayar, ya kifa ta. Tsofaffi, in ji shi, ba sa kira sai da buƙata.

Mahdi ya je wajen shugaban ƙungiya, aka ce ya yi haƙuri, ana bincike. Ya koma yana ɗibar ruwa da jarka daga wani kududdufi, yana zuba wa albasar kamar mai ba majinyaci magani. Ƙasar ta tsage. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ya bi ƙasa. A daidai lokacin ruwa ya kai ƙauri a gonar Maliki, har yana tsiyaya ta bayan kunya ya malala kan hanya, kwaɗi na murna.

Ranar da albasar ta gama mutuwa, Maliki yana zaune kan kujerar roba a inuwar darbejiya, ana yanka masa kankana. Mahdi ya zo. Wannan karon bai durƙusa ba. Wata tsohuwar waya ce a hannunsa, an ɗaure ta da roba.

"Mai gonar na kan layi. Ta ce a ba ta mutumin da ya tare ruwan, tana da magana ɗaya."

Maliki ya ga abin nishaɗi ya kawo kansa. Ya yafito 'yan korensa su matso, ya fizge wayar da yatsa biyu kamar zai ɗauki tsumma, ya buɗe lasifika yadda kowa zai ji. Ko sallama bai yi ba, gyaran murya kawai ya yi, yana ƙifta musu ido.

Muryar tsohuwar ta fito a hankali.

"Bawan Allah, ban san ka ba, ba na kuma son in san ka. Awakina na sayar na zuba a gonar nan, don in daina jiran hannun kowa. Ina da ɗa mai faɗa a ji a wajen nan, na kira shi ya tsaya mini, Allah bai sa ya ɗauka ba. To, na kai ƙara inda ba a kifa waya. Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, duniya da lahira. Yadda ka busar mini da ita, kada Allah ya ƙara jiƙa maka abin da ka shuka."

'Yan koren suka fara dariya, suna jiran Alhaji ya ba da amsa mai daɗi. Sai suka ga kankanar ta suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Inna?"