Masuncin da Ya Mai da Kwanan Wata Baya

Kai da kake ganin komai sai an matsa masa yake gyaruwa, gyara zama ka ji. An yi wani dattijo masunci a bakin wani kogi, matarsa ta rasu da damina ta bar masa gida fayau. Abin da ya rage masa nata shi ne muryarta a cikin waya, 'yan saƙonnin da takan aiko masa in ya daɗe a kan ruwa. Kullum wayar tana ƙunshe a leda cikin aljihun ƙirjinsa. Kewa ta ci shi, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Wata rana da la'asar sakaliya ya zuba taru yana jira, ruwa ya kwanta luf, jirgi yana lilo da shi a hankali, sai garin latse-latse ya faɗa inda ake saita kwanan wata. Ya ja da ɗan yatsa, yau ta koma jiya. Ashe abin da sauƙi haka? Ya ƙara ja, ya wuce ranar da aka kai matarsa makwancinta, ya wuce watannin jinya. Ya iso shekarar da ambaliya ta ci gari suka koma cikin jirgi, tana dariya tana kwarfe ruwa da ƙwarya. Ya iso shekarar da aka kawo ta amarya, lalle har gwiwar hannu, tana jin kunyar ɗaga ido. Bawan Allah bai tsaya ba, ya yi ta ja kamar mai tuƙa jirgi yana hawan kogi, har shekarun suka ƙare, abin ya ƙi jawuwa. Ya kashe wayar ya kunna, wai don maganar ta zauna. Sai ta kawo ɗan haske da tambari, ta tsaya cak a nan, ba gaba ba baya.

Hankalinsa ya tashi. Ya danna nan, ya danna can, ya girgiza ta, ya hura mata iska, ko gezau. Babban tsoronsa kada hasken nan ya mutu, don a ganinsa ranar da hasken ya mutu muryar ta tafi ke nan. Saboda haka ya ɗaure ta a caji ba hutu, tana zafi yana ƙara mata wuta, har kamun kifin ma ya bari. Da abin ya ishe shi ya kai ta wurin mai gyara ran kasuwa. Mai gyara ya duba ya ce, "Baba, in kana sauri sai in wanke ta, yanzu ta tashi, amma ba za ka sami komai a ciki ba. In kuwa abin da ke ciki kake so, zare mata caji ka ƙyale ta ta mutu murus. Wutar da kake ba ta ita ke riƙe da tsohon kwanan watan. Sai ta mutu za ta manta."

Ka ji fa, mutumin da ya riga ya yi zaman jinya an ce ya sake wani. Ya ɗora wayar a kan tabarmar marigayiya ya zauna yana kallo. Hasken ya riƙa dusashewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Hannunsa ya kai kan caja ya fi a ƙirga, yana janyewa. Ran da ta ɗauke gaba ɗaya ya yi kuka sosai, irin wanda bai samu ya yi ba ranar jana'iza saboda idon mutane. Sa'an nan ya wanke fuska, ya ɗauki tarunsa ya koma kogi, ya bar ta a kwance wasu kwanaki kamar yadda aka ce masa.

Da ya mayar mata da wuta ta yi jim, har ya fid da rai, sai ga ta ta buɗe. Ta nemi a gyara mata kwanan wata. Sai ya sa na ranar da yake ciki, ranar da babu matarsa a cikinta. Ya taɓa saƙon farko, muryar ta fito tas: "Malam, hadari ya haɗo, ka dawo haka nan. Kifin kogi ba ya ƙarewa." Ya ce, "To, na ji," ya sake kunnawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.